Na sa wa ɓeraye guba a lambu, mujiya na tsinta a mace

Mai Lambu: Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin dabbobi a guruf ɗin nan ku taimaka min, abu ne ya tsaya min a rai tun shekaran jiya. Lambuna yana Mista Ali bakin wani tsohon kududdufin kuza, karas ne da kabeji sai ɗan dankali kunya shida, to tunda sanyin nan ya shigo ɓeraye suka tasa ni gaba, ka zo da safe ka ga ganyen karas a tsaye lafiya lau sai ka ja ka ga an ƙwaƙule rabinsa. Na je kasuwa na sayo magani na kwaɓa da garin masara da kan kifi na ajiye a bakin ramuka, kwana biyar ina tsintar gawarsu ina murna. Shekaran jiya na shiga tsohon ɗakin injin ban ruwa zan ɗauko tiyo kawai sai ga mujiya a ƙasa a mace, farar nan mai fuska kamar faranti, jini ya bushe a bakinta kuma babu rauni ko ɗaya a jikinta. Na ɗaga kai na ga ƙwai huɗu a saman katanga sun yi sanyi ƙalau. Wallahi jikina ya mutu. Ni na kashe ta ko?

Maman Biyu Rikkos: Wa alaikumus salam. Yaya ni dai ban ga abin tada hankali ba, mujiya ce fa, mu tun muna yara in ta yi kuka a kan rufin gida kakarmu ba ta barci sai ta tashi ta jefa gishiri a wuta. Allah ne ya raba ka da ita.

Baba na Gangare: A'a 'yata, kar ki faɗi haka. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya kore camfi, kuma a cikin abin da ya kore har da camfin da Larabawan jahiliyya suke yi da mujiya. Tsuntsuwa ce kamar kowace, dare Allah ya ba ta ta nemi abincinta. Ɓera kuwa yana cikin halittu biyar da aka yi izinin kashewa saboda ɓarnarsu, saboda haka Mai Lambu bai yi laifi da ya nemi kare dukiyarsa ba, tambayar ita ce ta wace hanya.

Malamar Kimiyya: Mai Lambu sannu, Allah ya mayar da alheri. Gaskiya ba zan ɓoye maka ba, alamun da ka faɗa na guba ne. Maganin ɓera kashi biyu ne, akwai mai kashewa nan take akwai kuma mai hana jini daskarewa, shi wannan na biyun ɓera zai ci ya yi kwana uku zuwa bakwai yana yawo, jini na tsiyaya a cikinsa, ya zama sanyi sanyi baya iya gudu. To wa zai fi saurin kama irin wannan ɓeran? Mujiya da kyanwa da shaho. In ta ci ɗaya yau ta ci biyu gobe sai gubar ta taru a hantarta. Jinin da ka gani a bakinta shi ne.

Abin da ya same ka ya taɓa samun ƙasa guda, ba mutum ɗaya ba. A Turai da Asiya da Amurka ta Arewa akwai wani ɗan ɓera da Turawa ke kira vole, mu ce masa ɓeran ciyawa, gajeren bindi gare shi da ƙananan kunnuwa da suka nutse cikin gashi, hancinsa a dakushe, baya shiga gida ciyawa da saiwa yake ci. A shekarar 2007 suka yi ambaliya a yankin Kastiya da Leyon a arewacin Sifaniya, suka shiga gonakin alkama da dankali da ciyawar shanu. Hukuma ta raba guba aka watsa a gonaki, irin mai hana jini daskarewa ɗin nan. Aka riƙa tsintar tantabaru da zomaye da shirwa a mace, wato har da masu cin ɓeran. A shekarar kuma ɗaruruwan mutane suka kamu da wata cuta da ake kira tularemiya wadda ɓerayen ke yaɗawa. Bayan wannan ne masu kare tsuntsaye suka fara kafa sanduna a tsakiyar gonaki suna ɗora akwatunan katako don mujiya da ƙaramin shaho su samu wurin yin ƙwai, saboda an sare bishiyoyi ƙasar ta zama fili fetal babu inda za su sauka.

Dillalin Gwari: Malama da girmanki amma ni wannan magana ba ta shige ni ba. Ni a Farin Gada nake kullum, ina ganin manomi ya kawo buhun karas an zazzage an ga rabi cin ɓera ne an karya masa kuɗi yana ji yana gani, mutumin nan bashi ya ci ya sayi taki da fetur ɗin inji. Yanzu sai mu ce masa ya zauna ya jira mujiya? Su can gwamnati na biyan manomi in ya yi asara, mu nan wa zai biya ka. Ni a ganina a sa magani, in mujiya ɗaya ta mutu Allah ya kawo wata.

Mai Lambu: Alhaji ai abin da ya sa na yi magana kenan, ban gama ba ku labari ba. Maƙwabcina na gabas shi ya fara sa magani wata guda kafin ni, ya ce min sati biyu ya huta sai suka dawo kamar an turo su. Nima yau da safe na ga sabuwar ƙasa a bakin ramukan da na toshe. To in na kashe mai taya ni aiki da dare kyauta kuma ɓerayen ba su ƙare ba, me na ci kenan

Ɗalibin Naraguta: Barkanmu da dare iyayena. Bari in sa baki don wannan fannin nake karanta. Dalilin da ya sa suke dawowa lissafi ne kawai. Shi vole ɗin da Malama ta kawo, cikinsa sati uku ne, ta haifi biyar ko shida ko fiye, ɗiyar da aka haifa kafin ta cika wata guda ita ma ta isa ɗaukar ciki, uwar kuma tana haihuwa take sake ɗaukar wani. Yawancinsu ba sa ma cika shekara a duniya. Mujiya kuma sau ɗaya ko biyu take ƙyanƙyasa a shekara, ƙwan ya yi wata guda tana kwance a kai, 'ya'yan su yi kusan wata biyu kafin su tashi. To in guba ta kashe ɓera 100 da mujiya 2, wa zai riga dawowa? Ɓera mana. Kuma ya dawo ya tarar babu mai tsaron ƙofa.

A ƙasashen sanyi kamar Finlan da Nowe abin ma har tsari gare shi, duk shekara 3 zuwa 4 sai su cika ƙasa, sannan su ruguje kamar an share su, sai a sake farawa. Wani masanin Ingila Charles Elton tun 1924 ya yi rubutu a kan wannan hawa da sauka, kuma har yau masana na jayayya a kan ainihin dalilin, wasu su ce abinci ne ke ƙarewa wasu su ce masu farautarsu ne, musamman wata 'yar siririyar dabba mai kama da tunku da take bin su har cikin rami a ƙarƙashin ƙanƙara. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne shekarar da suka yi yawa mujiya tana ƙara yawan ƙwai, shekarar da suka ruguje wasu mujiyoyin ko ƙwai ba sa yi. Wato cikin dajin gaba ɗaya a kan ɗan abin nan yake tsaye, dila da shaho da mujiya duk shi suke jira.

Dillalin Gwari: To ƙanina na ji, amma duk labarin Turai kuke ba mu. Akwai shi vole ɗin a Jos ne?

Ɗalibin Naraguta: Babu shi a Najeriya Alhaji, Afirka ma sai can gefen Libiya. Amma akwai mai yin aikinsa a nan. Mai Lambu don Allah ka duba cikin ciyawar bakin kududdufin, in ka ga wasu 'yan hanyoyi siriri kamar an ja tiyo a cikin ciyawa, da guntayen ciyawa a yayyanke da 'yan kashi, kuma kana ganin ɓeran da rana tsaka yana gilmawa, launinsa kamar an barbaɗa barkono da gishiri, wannan shi ne Arvicanthis, ɓeran ciyawar Afirka. Ba danginsu ɗaya da vole ba amma sana'arsu ɗaya. Na dare kuma mai shiga rumbu da ɗaki shi ne Mastomys, macen tana da nonuwa har 24, tana iya zuba 'ya'ya goma sha a haihuwa ɗaya.

Mai Lambu: Wallahi hanyoyin nan suna nan, har na ɗauka na macizai ne ina hana yara bi ta wurin. Kuma da rana nake ganinsu wajen ƙarfe tara in rana ta ɗan yi ɗumi.

Anti Nas: Ni fa tunda aka ambaci Mastomys ɗin nan hankalina ya tashi, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Wannan shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, kuma mu mutanen Jos bai kamata a ba mu labarin Lassa ba. A watan Janairun 1969 aka ɗauko wata nas 'yar mishan, Laura Wine, daga garin Lassa da ke Borno a yanzu aka kawo ta asibitin mishan na nan Jos wanda muka sani da Jankwano, a nan ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta Charlotte Shaw ita ma ta kamu ta rasu, ta uku Penny Pinneo aka kai ta Amurka ta rayu, daga jinin su aka gano ƙwayar cutar a jami'ar Yale. Shekara na zagayowa 1970 cutar ta sake ɓarkewa a Jos, likitar asibitin Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa, ita ma ta tafi. Duk a garin nan aka yi.

To ni in na ji ana maganar kare ɓera sai in tuna marasa lafiyan da na gani, zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya an yi ta yawo kemis kemis sai da abu ya yi nisa aka kawo su, wanda ya tashi ma wani kunnensa ya tafi kenan. Kuma yanzu ne lokacinta, daga Disamba zuwa Afrilu. Mai Lambu gawar ɓerayen da ka ce kana tsinta da me kake ɗauka? Don girman Allah kar ka ce min da hannu.

Mai Lambu: Anti da hannu nake ɗauka ta bindi in jefa a rami. Ban san haka abin yake ba

Anti Nas: Innalillahi. Daga yau ka sa leda biyu a hannu ko ka ɗauka da shebur, ka binne da zurfi, ka wanke hannu da sabulu. Cutar tana ɗaukar kwana 6 zuwa 21 kafin ta nuna, in ka ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro cikin sati ukun nan kar ka tsaya kemis, ka je babban asibiti ka faɗa musu da bakinka ka taɓa ɓeraye. Ba tsoratar da kai nake ba ƙanina, yawancin masu kamuwa ma da sauƙi take zuwa musu, amma wanda ta kama da ƙarfi gaggawa ce ke ceton sa.

Malamar Kimiyya: Anti na gode da wannan, kuma ina tare da ke ɗari bisa ɗari, babu mai cewa a bar ɓera a ɗaki ko a rumbu. Ni abin da nake ƙoƙarin nunawa shi ne kalmar ɓera ɗin nan ta yi mana faɗi da yawa, mun tara halittu iri iri mun sa musu suna ɗaya da hukunci ɗaya. Jaba ma da muke kashewa ba ɓera ba ce, ƙwari take ci, kyankyasai take rage mana. Kuma mai rage Mastomys a bayan gida tun kafin ya shigo ɗaki ai ita ce mujiyar. Duk wanda ke tsoron Lassa ya fi kowa buƙatar mujiya a unguwarsu.

Maman Biyu Rikkos: Hmm Malama kin sa ni tunani. Amma kukan nata fa, wallahi kamar ana yanka mutum

Baba na Gangare: Kukanta kenan 'yata, kamar yadda jaki yake da nasa. Ni zan ƙara muku da abin da na gani da idona. Bayan babban farin nan na 1984, da ruwa ya dawo, wajen 86 zuwa 87 ɓeraye sun yi wata irin yawa a ƙasashen Sahel, lokacin ina fataucin hatsi ina shiga Nijar, mutum ya shuka gero da yamma da safe ya tarar an tone irin rami bayan rami. Tsofaffin wurin suka ce fari ya kashe macizai da tsuntsaye ya kore su, da ciyawa ta fito ɓera ya riga kowa farfaɗowa. Ashe abin da yaron nan ɗalibi yake faɗa kenan da lissafi. Sannan mu a nan muna ƙara wa kanmu, kowace rani yara su cinna wa daji wuta don gafiya biyu, wutar ta cinye ciyawar da ɓeran daji ke ci, to ina zai nufa in ba lambun Mai Lambu ba, shi kaɗai ne kore a wurin. In ɓera da sata daddawa ma da wari.

Dillalin Gwari: Baba wannan ta ƙona daji gaskiya ce ban musa ba. Amma har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya, kalmar nan ta kare ɓera. A kare giwa a Yankari na gane, baƙi za su zo su biya kuɗi. Ɓera fa? Akwai inda aka taɓa kashe kuɗi don ɓera kar ya ƙare?

Malamar Kimiyya: Akwai Alhaji, kuma labarin zai ba ka mamaki. A Birtaniya akwai babban cikinsu, vole na ruwa, ya kai girman ɗan ƙaramin gafiya, a gaɓar rafi yake haƙa rami yana iyo kamar agwagwa. Da can kowane rafi akwai shi. Sai aka shigo da wata dabba daga Amurka mai suna mink ana kiwonta don fatarta a yi rigunan sanyi, tun wajen 1929, wasu suka tsere daga keji suka hayayyafa a daji. Shi ɓeran ruwan dabararsa biyu ce, in an biyo shi ya faɗa ruwa ko ya shige rami, to ita macen mink tana iyo kuma jikinta siriri ne tana shiga ramin nasa. Ga shi kuma shanu da tumaki sun tattake gaɓar rafuka an gyara su an cire ciyawa. Kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce ya ɓace daga kusan kashi 90 cikin 100 na wuraren da aka san shi. Yanzu doka ce ta kare shi, in ka rushe raminsa da gangan kotu za ka je, ana kiwonsu ana sakewa a rafuka ana kuma kama mink ɗin da tarko. Dalilinsu shi ne ramukansa da yankan ciyawarsa suna sa gaɓar rafi ta yi tsiro iri iri, kwaɗi da ƙwari su samu wurin zama, wato in ya tafi ba shi kaɗai ke tafiya ba.

Ka lura da abu ɗaya, dangi ɗaya ne fa, a Sifaniya ana neman yadda za a rage wani, a Ingila ana neman yadda za a dawo da wani. Shi ya sa nake cewa sai ka san wane ne a gabanka kafin ka yanke masa hukunci.

Ɗalibin Naraguta: Kuma Alhaji mu ma muna da namu a nan Filato wanda duk duniya babu shi sai nan. Sunansa Dasymys foxi, wani ɓera ne mai gashi buzu buzu da ke zama a ciyawar fadama mai danshi, a Panyam ta ƙaramar hukumar Mangu aka fara kama shi aka kai Landan aka sa masa suna a 1912. A Panyam ɗin dai aka samo wani mai zama a ƙarƙashin ƙasa kusan makaho, haƙoransa a waje yake haƙa da su. To ka duba yadda muke yi da fadamu yanzu, ko'ina an nome har bakin ruwa an fesa maganin ciyawa, irin abin da ya faru da na Ingila ne sak sai dai mu babu mink. Tsuntsayenmu sun yi sa'a akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum wajen Laminga, ɗalibai daga ƙasashen Afirka suna zuwa suna ƙirga su, a tsaunukan nan ne ma aka gano wani ɗan jan tsuntsu aka sa masa suna a 1998. Ni burina in yi irin wannan aikin a kan ƙananan dabbobin fadama, in Allah ya yarda a kansu zan yi furojet ɗina.

Maman Biyu Rikkos: Allah ya taimaka ƙanina. Ni tambayata daban ce, na taɓa gani a wani bidiyo wai akwai ɓeran da mace ɗaya yake aura har ya mutu, shi ne wannan?

Ɗalibin Naraguta: Shi ne Anti, ɗaya daga cikin vole ɗin ne, na filayen ciyawar tsakiyar Amurka. Yadda aka gano ma abin sha'awa ne, wani malami Lowell Getz a jihar Ilinoi yana ɗana tarko a shekarun 1970 sai ya lura kullum namiji ɗaya da mace ɗaya yake kamawa tare, su dai su dai. Ashe rami ɗaya suke zama, uban yana taya renon 'ya'ya, in baƙuwar mace ta zo ya kore ta. Ɗan uwansa na fadama kuma da suke kama kamar an tsaga kara, shi babu ruwansa da wannan. Masana suka duba ƙwaƙwalwarsu suka ga bambancin yana wurin da wasu sinadarai biyu suke sauka, oksitosin da basofuresin, oksitosin ɗin shi ne Anti Nas ta sani wanda ake yi wa mai naƙuda allurarsa. Shekara da shekaru ana cewa shi ne sirrin, sai a 2023 wasu masana a Kalifoniya suka cire wa ɓerayen mazaunin oksitosin ɗin gaba ɗaya tun suna ƙwai, kuma suka girma suka riƙe matansu suka yi reno. Sai masana suka koma suka sake nazari.

Baba na Gangare: Allahu Akbar. Ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ya ɗaure wa masana kai.

Ustazun Dilimi: Salamu alaikum, ina bin ku tun ɗazu. Ina da 'yar fargaba ne kar maganar nan ta kai mu ga aƙidar cewa halitta ita ta yi kanta, don na san a makarantun boko daga irin nan ake farawa.

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam Ustaz, fargabarka a wurinta take kuma na gode da ka faɗa a fili. Ni musulma ce ina koyar da wannan darasi shekara da shekaru, abin da nake nuna wa ɗalibai shi ne abin da ido ke gani a auna. Misali a tsibiran Okni da ke arewacin Sikotlan akwai vole da babu irinsa a sauran Birtaniya, an tono ƙasusuwansa a gidajen mutanen da, an gwada an ga kimanin shekara 5000 da suka wuce mutane ne suka shigo da shi cikin jiragen ruwa daga Turai, kuma yau ya fi danginsa na can girma nesa ba kusa ba. Kamar yadda akuyar Sakkwato ja ta bambanta da gajeriyar akuyar kudu ne. Wani abin kuma, jinsin vole da ake kira Microtus ya kai iri 60, in ka jera su a tebur da ƙyar ka bambanta su, amma ƙullin gado da ke cikin ƙwayar halittarsu wanda mu mutane muke da 46, su wani 17 gare shi wani har 64. Masana suna lissafa su cikin dabbobi masu shayarwa da suka fi saurin rarrabuwa. Ni duk lokacin da na karanta irin wannan tasbihi nake yi.

Ustazun Dilimi: To madalla, in dai a nan aka tsaya babu saɓani. Allah ya ƙara sani.

Dillalin Gwari: Na ji duk bayananku kuma na ƙaru, amma ku dawo da mu lambu. Mutumin nan karas ɗinsa ake ci yau da daren nan. Akwatin mujiya ko an kafa gobe ba gobe za ta shiga ba. Me zai yi kafin nan? Don in ba ku ba shi abin yi ba wallahi kasuwa zai koma ya sayo shinkafar ɓera, nima da ni ne haka zan yi.

Malamar Kimiyya: Wannan tambayar ita ce gaskiya Alhaji, kuma ba zan ce maka mujiya kaɗai ta isa ba, ko a Sifaniya shekarar da suka yi ambaliya sosai akwatuna ragewa suke ba sa gamawa. Abin da zan ce wa Mai Lambu, na farko ya kwashe sauran maganin da ya rage a bakin ramuka yau ɗin nan. Ya nome ciyawar da ke kewaye da kunyoyin ya bar fili tsirara kamar taku uku ko huɗu, irin ɓeran nan yana tsoron ƙetare fili don ya san sama akwai ido, amma kar ya taɓa ciyawar bakin ruwan can. Tarko na ƙarfe ya jera a kan 'yan hanyoyin nan da ya gani ba a ko'ina ba, ya sa ƙuli ƙuli, ya duba safe da yamma. Sai ya kafa sanduna dogaye masu gilme a kai guda uku ko huɗu a cikin lambun, akwai wani ɗan farin shaho mai jan ido da kuke gani yana tsayawa cak a sama yana kaɗa fiffike, shi abincinsa kenan da rana, in ya samu wurin sauka zai zauna. Abu mafi wuya shi ne maƙwabta, in shi ya daina su suna zubawa to duk mujiyar da ta zo makomarta ɗaya.

Anti Nas: A ƙara da na gida, hatsi da gari a sa a roba mai murfi, a daina shanya a bakin titi, a toshe ramukan ɗaki da siminti. Kuma ɓeran tarkon ma ba a taɓa shi da hannu Mai Lambu, ina nanata maka.

Dillalin Gwari: Tarko da noman gefe na yarda da su. Maganar maƙwabta kuwa ku bar min, yawancin masu lambun layin nan ni nake sayen kayansu, in na je ranar Asabar zan tara su mu yi magana, amma ba zan yi muku alkawarin za su ji ba, wanda ya ci bashi ba ya jin wa'azi da sauri.

Mai Lambu: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na je da magariba na kwashe maganin da shebur na binne, Anti na sa leda. Da na leƙa ɗakin injin na haska tocila sai na ga wata mujiyar a kan katangar kusa da ƙwan, ta juyo ta kalle ni ba ta tashi ba, ina jin mijin ne. A ƙasa kuma ga wasu dunƙule dunƙule baƙaƙe kamar kashin raƙumi sun fi talatin, na fasa ɗaya da tsinke na ga gashi ne da 'yan ƙasusuwa har da ƙoƙon kai mai jajayen haƙora.

Ɗalibin Naraguta: Yaya don Allah kar ka share su! Amansu ne, mujiya tana haɗiye ɓera ɗungurungum sai ta amayo gashi da ƙashi, kowane dunƙule ɓera ɗaya ne zuwa uku. Daga haƙoran nan ake gane wane iri ne take ci. Ka bar min su zan zo da safar hannu da takunkumi in kwashe, in ka yarda in biyo Alhaji ranar Asabar. Akwati kuma ba sai ka yi ba tunda ɗakin yana nan, ka dai bar tagar sama a buɗe ka rage shiga, in namijin ya tsira daga gubar zai iya kawo wata macen.

Mai Lambu: Ka zo ƙanina, in kun iso Mista Ali ku kira ni in fito bakin titi don hanyar kududdufin mota ba ta shiga. Tiyon ma na fitar da shi na ajiye a waje, na ɗaure ƙofar da waya saboda yara.